Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gyambon da Bai Yi Min Zafi Ba

Assalamu alaikum masu bibiyar labarina. A makon jiya mun tsaya a inda aka sallame ni daga asibiti, na dawo gida a kan keken guragu bayan haɗarin motar da ya taɓa min laka, daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai. Yau kuma zan ba ku labarin abin da ya sake mayar da ni gado.

Wanda ya daɗe a kwance yana kallon rufin ɗaki, ranar da ya samu keke ba ya son sauka. Haka na zama. Tun safe idan aka ɗora ni, sai dare. A kai nake cin abinci, a kai nake hira, wani lokacin har gyangyaɗi. Mazaunin keken kuwa leda ce kawai da wani siririn soso a kanta.

Ƙanwata ce ta fara gani, tana goge min jiki. "Yaya, akwai wani wuri a mazauninki na hagu da ya fi sauran duhu, kuma yana sheƙi." Na ce ta taɓa. Ta ce ya fi gefensa ɗumi, ga tauri. Umma ta leƙa ta ce kwanciyar jini ce, a murza da mai a gasa da ruwan zafi. Cikin ikon Allah a ranar ce ma'aikaciyar jinyar da ke canza min robar fitsari ta zo.

"Hajiya, don Allah kada a murza, kada kuma a gasa," in ji ta. "Naman da ke ƙasa ya riga ya ji rauni, murza ƙara masa za ta yi. Ruwan zafin kuma zai iya ƙone ta ba ta sani ba."

Ta danna wurin da yatsa, ta ɗaga, launinsa bai motsa ba. Ta kwantar da ni ta ɗaya gefen, bayan minti 30 ta sake dubawa, yana nan yadda yake. Ta ce wannan shi ne matakin farko na gyambon zama. A jikin masu hasken fata wurin ja yake yi, kowa ya gani. Mu kuwa masu duhun fata sai an haɗa ido da hannu: wurin ya yi duhu ko shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko sanyi fiye da gefensa, ya yi tauri ko ya yi laushi.

Bayanin da ta yi min har yau ina riƙe da shi. Mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya. Da zarar zama ya dame shi zai muskuta, ko barci yake zai juya, bai ma san ya yi ba. Mu masu ciwon laka kuwa, saƙon cewa zama ya dame mu ne ba ya isowa. Nauyin jiki duk yana kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, ƙananan hanyoyin jini su matse tsakanin ƙashi da kujera, naman ya rasa jini, cikin 'yan sa'o'i ya fara mutuwa. Kuma sau da yawa ɓarnar daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, domin tsoka ba ta jure rashin jini kamar fata. Kamar gara ce a jikin itace, kafin ka ga alama a waje ta yi nisa a ciki. Matakan huɗu ne: canjin launi, sai saluɓewar fata, sai ramin da ya kai ga kitse, sai wanda ake hango tsoka ko ƙashi.

Nawa bai tsaya a na farko ba. Bayan 'yan kwanaki fatar ta saluɓe, miki ya buɗe. Likita ya duba ya ce maganin farko shi ne in daina zama a kai kwata-kwata. Na yi kuka a ranar fiye da yadda na yi a ranar da aka ce min ba zan sake takawa ba, domin keken nan shi ne 'yancin da na fara ɗanɗanawa.

Aka koma juyi. Ruf da ciki, sai kuiɓin dama a ɗan kishingiɗe da filo a bayana, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. Duk bayan awa biyu, dare da rana. Ƙanwata ta saita ƙararrawar wayarta, tana tashi ido a rufe ta juya ni, ta miƙe zanen gado don kada ya tattare a ƙarƙashina. Mikin kuma da ruwan gishirin asibiti ake wanke shi, a rufe da bandejin da ba ya barinsa ya bushe ƙayau. An hana mu zuba masa duk wani abu mai zafi ko kumfa, domin yana kashe sabon naman da ke tohowa. An ce in ci abinci mai gina jiki sosai, in sha ruwa. An kuma ce da mun ji wari, ko mun ga mugunya, ko zazzaɓi ya kama ni, mu garzaya asibiti, saboda ƙwayoyin cuta na iya kai wa ga ƙashi ko su shiga jini.

A wannan kwanciyar ce na karanta labarin Dakta Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila a 1944. Kafin zamaninsa gyambo da ciwon mafitsara ne ke kashe yawancin irinmu cikin ɗan lokaci. Shi ya kafe a kan a riƙa juya majiyyata duk bayan awa biyu, kuma wasannin da ya fara shirya musu a 1948 su ne tushen gasar Paralympics, wato gasar wasannin naƙasassu ta duniya. Ashe abin da ƙanwata ke yi da tsakar dare ke nan.

Masu zuwa dubiya kuwa, wata ta kawo min matashi mai rami a tsakiya kamar zobe. Ma'aikaciyar jinyar ta ce a ajiye shi, domin yana matse kewayen wurin ya ƙara tare jini. Abin da ya dace shi ne kushin na musamman, na iska ko na jel ko na soso mai ƙwari da aka yanka daidai da mazaunai. Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keken guragu, kuma kushin na ciki. Ni dai a ganina, duk wanda ya ba mai shanyewar ƙafafu keke babu kushin, rabin taimako ya yi.

Da mikin ya rufe, ba a bar ni na koma zama gaba ɗaya ba. Minti 15 aka fara da shi, a duba fatar, sannan a ƙara. Tabo ba ya taɓa kai ƙarfin fatar asali. Yanzu duk bayan minti 15 zuwa 30 nakan taka birki in sunkuya gaba, ƙirji a kan cinya, in yi kamar minti biyu, ko in jingina gefe-gefe. Wajen sauka ɗaga jiki nake, ba na jan sa. Ba na zama da jiƙaƙƙen kaya, ba na sa mai kaurin ɗinki ta baya. Safe da dare nakan duba fatata da madubi mai dogon hannu, inda bai kai ba ƙanwata ta ɗauko min hoto.

Ana haka kuma wani dare ta cire min takalmi, ta yi shiru, ta ce, "Yaya, bari in kira Umma." Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.