Abin da gyaran wayfay a gidajen mutane ya koya min

Aikina haɗa intanet ne a gidaje da ƙananan ofisoshi a nan Kano, in ja kebul, in saita rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta raba shi ta wayfay, in ɗaura kyamarar tsaro idan ana so. Amma kiran da ya fi shigo min ba na sabon aiki ba ne, na "injiniya netwok ɗin nan baya sauri" ne, kuma kusan duk wanda ya kira ya riga ya yanke hukunci kafin in iso, ko dai kamfani ne ke cutarsa, ko rautar ce ta tsufa a sayo sabuwa, wani ma har ya gama tambayar kuɗin Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam. Abin da aikin nan ya koya min wanda nake ganin ya fi komai shi ne kar in bari mutum ya fitar da ko sisi sai na auna na gano a ina saurin yake mutuwa. Wallahi abin yana damuna in ga magidanci da ke fama da kuɗin makaranta da cefane an sa shi ya sayi na'urar da ba ita ce matsalarsa ba.

Intanet ɗin gida hanya biyu ce aka haɗa, akwai wadda ta taso daga kamfani zuwa rauta, akwai kuma wadda ta tashi daga rauta zuwa wayarka. Alamar wayfay ɗin nan da kake gani ta cika a saman waya, labarin hanya ta biyu kawai take baka, ko da datarka ta ƙare tas zaka ganta a cike. Shi ya sa idan na shiga gida abu na farko sai in jona laftof da kebul kai tsaye a bayan rauta, in kashe wayfay ɗin laftof ɗin, in auna da shafin auna sauri irin Speedtest ko fast.com, sannan in tsaya kusa da rautar in auna da waya, sannan in je ainihin ɗakin da ake kuka da shi in sake aunawa. Lambobin nan uku su ne suke min jagora. Idan tun a kebul saurin ya faɗi toh wayfay bashi da laifi, a nemi kamfani ko a duba sabis. Idan a kebul lafiya lau amma a ɗaki ya mutu, matsalar tana cikin gidan kuma canza kamfani ba zai yi komai ba.

Akwai lissafi ɗaya da nake yawan yi wa mutane, kamfani da megabit yake sayar da sauri, waya kuma idan tana daunlodin da megabait take nunawa, kuma bit 8 ne bait 1. Wanda ya biya na megabit 20 idan ya ga fayil yana sauka a megabait 2.5 ba a cuce shi ba, daidai kenan.

Inda aka ajiye rauta kuwa shi ne rabin aikin, kuma a nan ne ginin gidajenmu yake shigowa. Bulon siminti, rufin kankare mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, babban madubi, firiji, duk suna cin sigina, ga shi gidajenmu sashe sashe ne, falon maigida a gaba kusa da ƙofa, ɓangaren iyali can ciki bayan bango uku ko huɗu. Rauta kamar fitila take, idan ka rataye ta a sama a tsakiya kowa ya samu haske, idan ka tura ta cikin durowa a ƙarshen gida sai dai durowar ta haskaka. Amma kullum inda nake samunta shi ne bayan talabijin a ƙasa, cikin wayoyi da dikoda, saboda a nan soket yake kuma matar gida bata son ganin wayoyi a fili, wanda ni ma na fahimta.

Wani gida da na je, Alhaji ya karɓe ni a falonsa ya ce shi dai a wajensa lafiya lau, iyali ne suke ta mita. Na ce "Alhaji idan babu damuwa a yi min iso ciki, ina so in ji daga bakin masu amfani da shi." Ya haɗa ni da babban ɗansa muka yi sallama, bayan mun gaisa Hajiya ta ce "Injiniya a tsakar gida yana yi, da na shiga ɗaki sai ya tsaya, amma fa bayan sallar isha'i ko a tsakar gidan ma baya yi." A magana ɗaya ta raba min matsalar gida biyu, ta farko bango ce, ta biyu kuma lokaci, kuma babu na'urar aunawa da zata gaya min ta biyun tunda ni da hantsi na zo. Tun daga nan na riƙe wannan, mutanen da suke wuni a gida su suka san halin netwok ɗin, wane ɗaki, wane lokaci, ana yin me, kuma yawanci su ne ba a tambaya. Yanzu ko ban shiga ba sai na sa an tambayo min su.

Da na buɗe shafin rautar gidan na duba jerin na'urorin da suka taɓa hawa, sun haura ashirin, mutanen gidan kuma ba su kai haka ba. Ba wai an yi kutse ba ne, tun daga Android 10 waya tana iya nuna fasawod ɗin wayfay a hoton QR, yaro ɗaya ya nuna wa abokinsa, abokin ya nuna wa wani, kafin ka ankara majalisar ƙofar gida gaba ɗaya tana kallon ƙwallo a kan datar Alhaji. Ni bana goyon bayan a ɗauki wannan da zafi, maƙwabci yana da haƙƙi kuma yawancin magidanta ba sa son a ce sun hana, abin da nake yi shi ne in canza fasawod ɗin gida, in kashe WPS, wato hanyar hawa wayfay ba sai an rubuta fasawod ba, in tabbatar tsarin kulle wayfay ɗin yana kan WPA2 ko WPA3, sannan idan rautar tana da tsarin baƙi, wato wayfay na biyu don mutanen waje, in buɗe shi da suna daban in sa masa iyakar sauri. Alhaji ya ji daɗin wannan sosai, ya ce ai yaran unguwa 'ya'yansa ne.

Sai maganar 2.4GHz da 5GHz, wato mitoci biyu da rauta ke watsa wayfay a kansu. Ta 5 ɗin mutane da yawa suna ɗauka ita ce 5G ta kamfanonin waya, ba ita ba ce sam. Ta 2.4 tana tafiya nesa tana ratsa bango amma a cunkushe take, Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ma kusa da nan take aiki, ga rautocin maƙwabta, kuma tashoshi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. A gidan haya mai ɗakuna da yawa ko hostel ɗin ɗalibai inda kowa da MiFi ɗinsa zaka ga duk sun taru a tasha ɗaya suna danne juna, sai in duba da manhajar duba wayfay in matsar da tamu zuwa wadda ta fi sarari. Ta 5 kuma tana da sauri da fili amma bango biyu ya ishe ta. Don haka talabijin da laftof da ke kusa da rauta a kan 5 nake ɗora su, wayoyin cikin gida a bar su a 2.4. Tsohuwar waya guda ɗaya da ke can nesa tana fama da sigina mai rauni ma tana iya jawo wa kowa jinkiri, saboda rauta bi da bi take magana da na'urori kuma mai jinkirin ya fi daɗewa a layi.

Rifita, wato ƙaramar na'urar da ake jonawa a soket don ƙara nisan sigina, ita ce abin da ake fara sayar wa mutane a kasuwa, kuma gaskiya bana sonta sosai. Mai rediyo ɗaya karɓa take yi ta sake turawa a tasha ɗaya, saboda haka kusan rabin saurin ya tafi, sannan mutane a cikin ɗakin da babu sigina suke jona ta, toh me zata maimaita? Alama ta cika a waya amma babu abin da yake buɗewa. Idan gida babba ne a daure a ja kebul daga rauta zuwa ɓangaren ciki a sa wata rauta ta biyu a can, ko tsohuwa ce ta wadatar, aikin yini ɗaya ne kuma an huta.

Shi kansa kebul ɗin yana da nasa. Siraran wayoyi 8 ne a ciki, gigabit, wato saurin megabit 1000, yana buƙatar dukkansu, idan ɗaya ta katse ko ba a matse kan da kyau ba sai haɗin ya sauka zuwa 100 ba tare da ya gaya wa kowa ba. Duk lokacin da na ga awo ya maƙale a 90 da wani abu a gidan da ake biyan fiye da haka, kebul nake fara zargi ko tsohuwar rauta da ramukanta ba sa wuce 100. Ɓera ma yana aikinsa a cikin silin.

Wuta da zafi su ne abin da littattafan da muka karanta ba su cika damuwa da su ba amma mu a nan su ne kullum. Adaftar rauta ta ƙone, sai a ɗauko ta wata na'ura tunda bakin ya shiga, rautar tana son wuta mai ƙarfin 12V 2A an bata mai 1A da bai kai ba, zata kama, fitilu su kunnu, amma da mutane sun hau sai ta riƙa sake tashi da kanta. A watan Afrilu da Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40, rautar da ke cikin durowa ko a kan dikoda tana yin zafin da ba ka iya riƙe ta, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan shan iska. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa yanzu yana cikin 'yan abubuwan da nake cewa a saya ba tare da na yi jinkiri ba, domin duk ɗaukewar wuta da canzawa zuwa janareta rautar sai ta sake neman sabis daga farko.

Yawancin gidajen da nake zuwa rauta mai sim ce, 4G ko 5G wadda MTN ya fara kawowa Najeriya a 2022, kuma irin wannan tana da wata sarƙaƙiya, wurin da ya fi kama sabis shi ne jikin taga ta ɓangaren ƙarfen sabis, wurin da ya fi raba wayfay kuma tsakiyar gida ne, su biyun ba sa haɗuwa. Nakan shiga shafinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, in duba lambar RSRP da SINR, wato ƙarfin sabis da tsaftarsa, maimakon sandunan sigina, RSRP wajen -80 yana da kyau, idan ya gangara -110 an shiga wahala, kuma matsar da rauta taku biyu kawai ko ɗaga ta sama da ƙarfen taga yana iya canza lambar sosai. Daga nan sai kebul ya kai saurin cikin gida. Ko Starlink ɗin da ya shigo ƙasar nan a Janairun 2023 haka ne, na ga gidan da aka saka shi saurin a falo ya haura 100 amma ɗakin baya bai canza ba, tunda bangon yana nan inda yake.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi shi ne ɗorawa. Kowa sauke abu yake kallo, alhali kyamarar tsaro tana tura bidiyo sama dare da rana, waya da ta dawo daga biki da ɗaruruwan hotuna da ta ga wayfay sai ta fara tura su Google Photos, hanyar ɗorawa kuma dama ƙarama ce, da ta cika sai lambar ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ta yi sama, kiran WhatsApp ya fara yankewa ko da awon saukewa yana nuna lafiya. Sannan a duba tsarin datar da aka saya, da yawa daga cikin waɗanda ake kira mara iyaka suna da adadin da idan ka kai za a rage maka sauri, yana rubuce a sharuɗɗan, idan kullum ƙarshen wata ne abin yake lalacewa nan zan fara dubawa.

Wani lokacin kuma matsalar ta fi ƙarfin gidan da unguwar gaba ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024, muna farkon azumi, manyan kebul na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, masu suna WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa. Ranar wayata bata huta ba, kuma abin da ya fi bani tausayi shi ne waɗanda suka soka tsinke a ramin riset na bayan rauta suka goge duk saitin da aka yi musu, matsala ɗaya ta zama biyu. Kashewa a kunna babu laifi, amma riset a bar shi sai an tambayi maƙwabci ko shi ma haka yake gani.

Cunkoson dare shi ne wanda bani da maganinsa a jakata. Idan da safe awo yana bada 30 da dare ya koma 3, kuma na tabbatar babu baƙi a kan rautar, toh ƙarfen sabis ɗin unguwar ne ya yi wa mutane kaɗan, kuma sabuwar rauta ba zata gyara wannan ba ko nawa aka saye ta. A irin wannan nakan ce wa maigida ya sa yaro ya riƙa aunawa safe da dare na mako guda yana turo min hoton awon da lokacinsa, mu kuma gwada sim ɗin wani kamfani da ƙaramar data a daidai wannan lokacin na bayan isha'i, domin kamfanin da ya fi kyau a Hotoro ba lallai ya zama shi ne a Rijiyar Zaki ba. Idan na biyun ya riƙe da dare sannan a yi maganar canzawa, kuma idan rautar a kulle take da sim ɗin kamfani ɗaya a nan ne kawai nake cewa a sayi wata.