Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Muka Rage Kaya Don Mu Riƙa Yin Hunturu a Bebeji

A makon jiya na tsaya a kan auren Auta, na kuma yi alkawarin kawo labarin shekarun da na yi ina tuƙin dare. Ku yi haƙuri, zan tsallake su. Tun ranar Juma'a maganar Baffa ke yi mini yawo a ka, in ban rubuta ta ba ba zan sami sukuni ba.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Kowa ya san wannan karin magana, amma ni daga bakin Baffa na fara jin ta, a zauren kakana Malam a Bebeji, ina ɗan shekara takwas, kuma Baba aka faɗa wa. A ƙarshen 1969 muka iso, bayan gwamnatin Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya fita. A Kumasi aka haifi Baba, amma a lokacin ba wanda ya tsaya tambayar inda aka binne cibiyar mutum. Muka biyo babbar mota ta Togo da Dahomey, Inna tana rungume da tukunyar ƙarfe ɗaya da ta ƙi sayarwa. Mun sauka hunturu ya kankama, ƙafafuna suka yi faso, leɓena ya tsage, ni da ban san komai ba sai ruwan Asante da danshinsa.

Gonar Malam ta bakin rafi da kuɗin goro aka saye ta. Malam ya fara fatauci da ayari, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin saƙi zuwa Gwanja, su juyo da goro, kamar sauran Agalawa 'yan'uwansa, har ya zauna a Kumasi ya yi aure na biyu. Duk shekara yana aiko da kuɗi gida. Abin da Baba ya roƙa kawai a yanka masa inda zai shuka dawar da za mu ci. Baffa ya gyara zama a kan buzunsa, ya dubi mutanen da ke zaure, bai ma dubi Baba ba, ya faɗi maganarsa. Baba bai ce uffan ba. Muka yi noma a gonar aro, da ƙura ta lafa muka koma Kumasi. A maƙabartar Tafo Baba yake kwance, bai sake taka Bebeji ba. Allah Ya gafarta musu su duka biyu, amma abin da aka yi an yi shi.

To, ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, cikin birnin New York na Amurka inda muke zaune, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan Gambiya, Musulmi, irin waɗanda muke haɗa sahu da su. Hita ce ta jawo, irin ƙaramar nan ta lantarki da talaka ke kunnawa idan ɗumin gida bai isa ba. Na je jana'izar. Da na dawo na tarar da matata Hajiya ta miƙe ƙafa gaban irin wannan hitar, don gwiwoyinta ba sa barin ta barci idan sanyi ya shigo. Na zare wayar daga bango, na zauna, na ce, "Hajiya, baɗi war haka ba a ƙasar nan za mu yi sanyi ba."

Ta ce, "Da wane kuɗin, Alhaji?"

Tambayarta ita ce gaba ɗaya maganar. Na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta, muka zauna da biro. Lissafin ɗaya ne: aikin wata 9 ya ciyar da wata 12, ya kuma biya tikiti biyu. Mai gida ba ruwansa da kana nan ko ba ka nan, hayarsa yake jira ran ɗaya ga wata. Gidajen da hukuma ta ƙayyade ƙarin hayarsu kuma, doka tana so ya zama nan ne ainihin mazauninka, kana kwana a ciki wajen rabin shekara, don haka ba zancen mu ɓace gaba ɗaya.

A nan dole in yaba wa Hajiya, ko da ba za ta so in rubuta ba. Lokacin da lambar izinin tasi mai ruwan ɗorawa take tsada, har ta haura dala miliyan 1 a 2014, abokaina sun matsa mini in ci bashi in mallaki tawa. Hajiya ta ce ba za a shigo mata da kuɗin ruwa gida ba, in na yi sai dai in nemi mai dafa mini tuwo. Na ji haushi a lokacin. Sai motocin da ake kira ta waya suka cika gari, darajar lambar ta faɗi warwas, mutanen da na sani suka wayi gari ana bin su abin da ba za su iya biya ba har su mutu. Sai da direbobi suka yi yajin cin abinci a ƙofar ofishin magajin gari a 2021 kafin a daidaita a rage bashin zuwa dala 170,000. Waɗannan bayin Allah ba su isa su ajiye mota mako ɗaya ba. Ni kuwa haya nake karɓa a gareji, in biya balas, in na miƙa makulli ba mai bi na ko sisi.

Motarmu ta gida ce ta fara tafiya. Inshora kaɗai tana cin abin da zai sayi tikiti, ga tashi da sassafe a matsar da ita saboda masu sharar titi, ga tara in ka makara. Sai gidan: yara sun watse, me tsoho da tsohuwa za su yi da ɗaki uku? Muka koma ɗaki ɗaya da falo. Ɗakin ajiya da muke biya wa haya duk wata, muka buɗe shi muka tarar da kujeru da akwatuna da kekunan yara da ba wanda ya taɓa tun suna firamare. Katin bashi na sa almakashi na yanka a gaban babban ɗana, da gangan, don ya gani.

Mai wuyar shi ne biki. Wanda bai zauna cikin mutanen zango a Bronx ba ba zai gane ba. Kusan kowace Asabar akwai suna ko aure, kowanne da ankonsa, kowanne da liƙinsa, kuma mata suna riƙe da lissafin wadda ta yi wa wance kaza. Hajiya ta fito da leshi da atamfa daga ƙarƙashin gado, wasu ko sau biyu ba a ɗaura ba, ta shimfiɗa su, tana faɗin bikin da aka yi kowanne. Ta yi hawaye. Ta zaɓi kaɗan, sauran ta raba. Muka yanke cewa za mu je, mu yi addu'a, mu ba da abin da ya sawwaƙa a ambulan, amma anko da liƙi an gama. An yi da mu sosai. Wata ta ce Alhaji ya karye, wata ta ce aure zai ƙara a Najeriya. Adashi guda ɗaya muka bari, muka roƙi uwar adashi ta sa kwasarmu a watan Nuwamba.

Gangunan da muke cikawa da shinkafa da man gyaɗa da takalma muna aikawa ta jirgin ruwa ma na tsayar. Shekara nawa ina aike? Na aika kuɗin gini a Bebeji tun Auta tana goye, aka riƙa turo mini hoton bulo, ashe bulon maƙwabci ne. Ba zan faɗi wanda ya ci ba, ya san kansa, kuma yana karanta wannan. Da na yi magana, amsar da ta dawo mini ita ce mu da muke waje ba mu san halin gida ba. Maganar Baffa ce dai aka sake mata riga.

Babban ɗana ya ce, "Baba, Kumasi fa? Can aka haife ka, can kabarin kaka yake. Me ka ajiye a Bebeji?" Na ce masa ba abin da na ajiye, shi ya sa zan je.

Da fasfon Gana nake shiga, wanda na samu ta wajen Inna, kuma yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba ni kwana 90 ba biza. Maganin hawan jini ma na kwana 90 likita ke rubutawa, don inshorar lafiyar nan ba ta bin mutum ƙetare. Disamba, Janairu, Fabrairu ke nan, hunturu cif. Da na cika 62 na fara karɓar fanshon gwamnati, na san za a zabge kashi 30 cikin 100 saboda ban jira 67 ba. Na yarda. Wa ya ba ni tabbacin gwiwa da ido har 67?

Zuwanmu na farko ya faɗa cikin ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Ga kuɗi a asusu, ga mai ƙosai ba ta san tiransifa ba. Jikan Baffa ne ya riƙa hawa babur yana zagaya masu POS yana samo mana 'yan canji. Yaron kirki, bai san komai game da 1969 ba, ni ma ban gaya masa ba.

Na sayi fili, da kaina, ƙafata a kai, gaban mai unguwa da dagaci da shaidu. Iyakarsa ta gabas gonar Malam ce. Da mai rubuta takarda ya tambayi suna, na ce ya rubuta nawa, ya rubuta na Baba, ya rubuta na Malam, duka uku a jere, ya kuma karanta da ƙarfi. 'Ya'yan Baffa biyu suna tsaye. Ɗaki biyu ne da zaure da sola, ban yi bene ba, ban sa tayil a katanga ba, don kada a ɗauka da dala na zo yin gasa. Da asuba hazo yakan rufe gari har ba ka ganin bishiyar kukar da ke bayan gida, a hura wuta a kasko a ƙofar masallaci, tsofaffi su kewaye ta da mayafi. Yanzu suna matsa mini wuri ba tare da na nema ba. Da hantsi nakan bi masu noman rani wajen ruwan Tiga, madatsar da aka gama a 1974, bayan mun bar garin, in ga alkama da tumatir a inda na sani fako. Baba da ya ga wannan ruwan, da ko gonar aro ce bai koma ba.

Babban ɗan Baffa ya same ni bara, ya ce, "Yaya, in da hali a taimaka mini da injin ban-ruwa, na biya bayan an ɗebe tumatir." Na ba shi. Ya biya rabi, ban tambayi sauran ba. Na so in ce masa wanda gida ya bari ne ya saya maka, na haɗiye, don ba shi ya faɗa ba.

Hajiya dai har yanzu da sauran magana. Gwiwoyinta sun yi sauƙi, amma ƙurar hunturu tana tayar mata da tari, kuma ta ce ta bar anko da ɗaki uku saboda garin kakana, ita ma tana da 'yan'uwa a Aboabo da suke tsufa. Ta nemi hunturu mai zuwa a raba shi biyu, rabi Bebeji rabi Kumasi, kuma littafin lissafi bai nuna kuɗin jirgi na uku ba. A kan wannan muke yanzu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma baya in faɗi yadda aka yi na auro ta, don sai da shi za ku gane dalilin da ya sa ba na iya ce mata a'a.