Hyde Park Picture House: sinimar da fitilun gas ɗinta ke ci tun 1914

A kusurwar titin Brudenell a birnin Leeds na Ingila akwai wani ƙaramin gidan sinima da aka buɗe ranar 7 ga Nuwamba, 1914, ana 'yan watanni da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 2024 ya cika shekara 110. Kamfanin Thomas Winn and Sons ne ya zana ginin: jan bulo, ginshiƙai a bakin ƙofa, ɗan ɗakin sayar da tikiti, a ciki kuma bene mai adon filasta. A ganina abin da ya fi cancantar biki shi ne hannun da bai daina kula da ginin ba.

Fitilun gas tara ne a zauren, kuma har yau ana kunna su. Fitilar gas takan zo da 'yar raga ta zare da aka jiƙa da gishirin ƙarfe. Ranar da aka fara kunna ta zaren yakan ƙone, ya bar ƙwarangwal na toka, wannan tokar ce ke haske idan ta ɗau zafi. Taɓawa kaɗan ko girgiza ta isa ta farfasa ta. In ƙura ta toshe kafar da iska ke shiga ta gauraya da gas, harshen wutar sai ya koma rawaya, ya riƙa baƙanta bango. Maganinsa a rufe gas, a bari ta huce, a share kafar, a sa sabuwar raga.

Ɗakin majigi a ware yake da zauren. Fim ɗin wancan zamani na naitret ne, mai kama wuta kamar fetur, shi ya sa tun dokar sinima ta 1909 aka tilasta raba na'ura da 'yan kallo. Gidan yana nuna fim mai faɗin milimita 35 har yanzu. Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa, naɗi ɗaya mai ƙafa 2,000 bai fi minti 20 da ɗoriya ba, don haka ake aiki da na'ura biyu. In naɗi ya kusa ƙarewa ɗigo yakan bayyana sau biyu a saman allo ta dama: na farko na nufin a tayar da na'ura ta biyu, na biyu kuma a sauya zuwa gare ta. Mai majigi ya yi jinkiri, allo ya yi fari fat.

Babban abokin gaban irin waɗannan gine-gine ruwa ne. Silin ɗin filasta na zamanin galibi da algarara aka ɗaure shi a jikin katako. Indararo ya toshe, danshi ya shiga, algarara ta ruɓe ba wanda ya gani daga ƙasa. Ruɓewar irin wannan ɗauri ce ta rufto da silin gidan wasan Apollo a Landan a Disamba 2013. Dole a hau sama da fitila a duba ɗauri ɗaya bayan ɗaya.

Hukumar birnin Leeds ta ceci gidan daga rufewa a 1989. An rufe shi a 2020, aka yi babban gyara, aka sake buɗewa a Yuni 2023. Abin da ya fi burge ni a gyaran shi ne haƙa ƙarƙashin ginin don samar da zaure na biyu mai kujeru kusan 50. Sinima mai allo ɗaya, in fim ɗaya bai ja mutane ba, mako guda ya tafi a banza. Da allo biyu ana iya sa fim mai kasuwa a sama, tsofaffi da na ƙasashen waje a ƙasa, ba tare da an taɓa fasalin tsohon zauren ba.