Lahadi, 2 ga Nuwamba 2025: wasa na bakwai da lissafin masu caca

Wasan besbol ɗin, na bakwai kuma na ƙarshe a jerin neman kofi, ya fara da ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na dare a agogonmu, aka tashi bayan biyar, ladanai sun fara kiran asuba. Los Angeles Dodgers 5, Toronto Blue Jays 4, a zango na 11 (a ƙa'ida zango tara ake yi, sai in an yi kunnen doki a ƙara), a filin Rogers Centre da ke Toronto. Dodgers sun ɗauki kofin World Series, wato na zakaran babbar gasar besbol ta Amurka, shekara biyu a jere, abin da ba a sake gani ba tun Yankees na 1998 zuwa 2000. Na kalli wasan da takarda da biro a gefe, ina bin yadda kowane irin tikitin caca yake mutuwa ko yake farfaɗowa. Ba na zuba ko sisi, hukuncin caca a addini kowa ya san shi. Lissafin ne nake so in rubuta tun yana da ɗumi, don wasan daren jiya ya taɓo kusan kowace ƙa'ida da ke cikin harkar.

A fara da lambar kanta. Shagunan caca na nan gida suna rubuta farashi kamar 1.67 ko 2.30, ka ninka kuɗinka da lambar ka ga abin da zai dawo. Amurkawa sun gina nasu a kan dala 100. Lamba mai alamar ragi, misali -150, tana nufin sai ka zuba dala 150 kafin ka ci ribar 100, kuma ƙungiyar da ake ganin ta fi ƙarfi ce ke ɗauke da ita. Lamba mai alamar ƙari, misali +130, tana nufin dala 100 za ta kawo ribar 130. In za a mayar da su irin namu, -150 shi ne 1.67, +130 kuma 2.30. Lambobin nan na misali ne, kowane kamfani da nasa, kuma suna motsi har zuwa jifan farko.

Abin da yawancin mutane ba sa yi shi ne mayar da lambar zuwa kaso cikin ɗari. Ga -150, a raba 150 da 250, ya ba da kashi 60. Ga +130, a raba 100 da 230, ya ba da kashi 43.5. A haɗa su: 103.5. Wasa ɗaya ne, ɗayan biyun ne zai ci, ya kamata jimlar ta tsaya a 100 cif. Rarar 3.5 ɗin nan ita ce la'adar kamfani, an cusa ta cikin farashin yadda ba a ganinta. In aka cire ta, ainihin hasashen kamfanin ya koma wajen 58 da 42. Inda aka sa -110 a kowane ɓangare, jimlar takan kai 104.8, kuma mai zuba kuɗi sai ya ci kashi 52.4 na tikitocinsa kafin ma ya mayar da uwar kuɗi. Wanda yake cin rabi yana faɗuwa rabi, aljihunsa zubewa yake yi a hankali kamar tulu mai tsaguwa.

Dalilin da ya sa wannan ƙaramar rara take da nauyi a besbol shi ne wasan ba ya da gwani na kullum. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka. Milwaukee Brewers da suka fi kowa nasara a kakar 2025 sun ci 97 sun sha kashi 65, wato kashi 60 cikin ɗari. Toronto sun ci 94, Dodgers 93, tazarar wasa ɗaya tak, kuma ita ce ta ba Toronto damar buga wasa na bakwai a gida. In ƙungiyoyi biyu irin waɗannan suka haɗu a dare ɗaya, da ƙyar hasashe na gaskiya zai wuce 55 zuwa 60 ga ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya ce maka yana da tabbas a irin wannan wasa, ko bai san besbol ba ko yana da abin da yake son sayar maka.

Abin da ya fi juya farashi shi ne mai jifan da zai buɗe wasa, wato wanda ke jefa wa masu bugu ƙwallo. Shi ya sa wasu kamfanoni suke da tikiti iri biyu. A na farko kana ɗaure cacarka da sunayen masu jifan da aka sanar, in aka canza ɗaya kafin a fara, tikitin ya rushe a mayar maka da kuɗinka. A na biyu cacar tana nan ko wa ya hau tudun jifa, wani kamfanin ma ya sake lissafa maka farashi. Mutane da yawa ba sa duba wanne suka danna. Jiya Shohei Ohtani ne ya buɗe wa Dodgers bayan hutun kwana uku kacal, Max Scherzer mai shekara 41 ya buɗe wa Toronto. Sai dai a wasa na bakwai sunan mai buɗewa ba ya da nauyin da yake da shi a watan Yuni, don babu gobe da za a adana wa kowa. Ohtani bai gama zango na uku ba Bo Bichette na Toronto ya fitar masa da ƙwallo waje, wato ta tsallake katangar fili, da abokan wasansa biyu a kan tasha, maki uku a bugu ɗaya, 3 da 0, aka cire Ohtani. Wanda ya rufe wa Dodgers wasan kuma Yoshinobu Yamamoto ne, mutumin da ya yi jifa 96 a daren da ya gabata. Ba wani lissafin kafin wasa da ya tanadi wannan yadda ya kamata.

Yanzu ga yadda sakamako ɗaya ya raba mutane gida-gida.

Mai tikitin wa zai ci kawai, in Dodgers ya zaɓa, ya ci. Ƙarin zanguna suna cikin lissafinsa.

Mai tikitin zango biyar na farko labarinsa daban. Wannan caca tana rufewa da an gama zango na biyar, masu yinta suna gudun abin da masu jifan canji za su ɓata ne daga baya. A lokacin Toronto na gaba da 3 da 1. Wanda ya zaɓi Toronto a nan ya karɓi kuɗinsa tun tsakar dare, duk abin da ya biyo baya bai shafe shi ba.

Sai tikitin tazara, wanda a besbol kusan kullum maki ɗaya da rabi ne. In ka ɗauki Dodgers a -1.5, sai sun ci da tazarar biyu ko fiye. Sun ci da ɗaya, saboda haka tikitin ya yanke duk da cewa ƙungiyarka ce ta ɗaga kofi. Mai Toronto a +1.5 ya ci kuɗi 'yan wasansa suna hawaye. Akwai wani tarko a nan da ya shafi mai masaukin baƙi: in yana gaba bayan rabin farko na zango na tara, ba ya sake bugu, an tashi ke nan. In kuma shi ne ya ci a bugun ƙarshe, wasan yana tsayawa ne daidai lokacin da makin nasara ya shiga, sai dai in ƙwallon ta fita waje a ƙirga duka. Wato mai gida yana da ƙarancin damar faɗaɗa tazara, shi ya sa -1.5 a kansa take biyan kuɗi mai ɗan kauri, mutane su ɗauka garaɓasa ce.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne tikitin jimlar maki, sama ko ƙasa da wata lamba. A ɗauka layin 8.5 ne. Ana shiga zango na tara da 4 da 3, jimla bakwai, mai "ƙasa" yana buƙatar a fitar da masu bugun Dodgers uku kawai a tashi wasa. An fitar da ɗaya. Sai Miguel Rojas na Dodgers, mai bugu na tara a jeri, wanda ba a san shi da fitar da ƙwallo ba, ya ɗaga jifan Jeff Hoffman ya tsallake katangar hagu. 4 da 4. Jimla takwas ce, har yanzu ƙasa da 8.5, amma tikitin ya riga ya mutu a wannan daƙiƙar, domin ba a tashi canjaras a besbol, dole wani ya ƙara maki, jimlar ta zama aƙalla tara. Rabin makin da ke jikin lambar aikinsa hana kunnen doki. Da layin tara cif ne, da an mayar wa kowa kuɗinsa.

Wani abin da masu jimlar maki suke mantawa: a wasannin kaka, da an shiga zango na goma ana ɗora mai gudu a tasha ta biyu kyauta don a gama da wuri, maki su yi ta zuba. A wasannin neman kofi babu wannan. Shi ya sa wasa na uku ya kai zango 18, sama da awa shida da rabi, kafin Freddie Freeman na Dodgers ya kashe shi 6 da 5.

Cacar da ake yi wasa na gudana ita ce ta fi cin mutane jiya. Farashi yana canzawa bayan kowane jifa, la'adar kamfani a nan ta fi ta kafin wasa kauri, hoton da ke isowa wayarka kuma yana bayan abin da ke faruwa a fili da daƙiƙoƙi, alhali kamfanin yana samun bayani kai tsaye. A rabin ƙarshe na zango na tara Toronto sun cika tasoshi uku da mutum ɗaya a waje. Duk na'urar lissafi ta ba su rinjaye mai yawa. Rojas ya tare ƙwallo ya jefa gida, wato tashar da ake shiga a ci maki, aka fitar da Isiah Kiner-Falefa na Toronto da tazarar da sai da aka sake duba hoto. Ernie Clement ya ɗaga wata doguwa, Andy Pages ya cafke ta yana bangaje abokin wasansa. Wanda ya sayi Toronto da tsada a wannan minti ya sayi abin da ya fi yiwuwa, bai yi wauta a lissafi ba, kuɗinsa dai sun tafi. Zango biyu bayan haka Will Smith na Dodgers ya fitar da ƙwallon Shane Bieber, 5 da 4, Alejandro Kirk na Toronto ya buga wadda aka fitar da mutum biyu da ita, shi ke nan.

Akwai masu tikitin dogon zango, waɗanda suka zaɓi zakara tun watan Maris. A ce wani ya sa dala 100 a kan Toronto a +2500, zai karɓi 2,600 in sun ɗauki kofi. Kafin wasa na bakwai yana da zaɓin rufe bayansa. In Dodgers suna -140, wato 1.71, sai ya raba 2,600 da 1.714, ya zuba kimanin dala 1,517 a kansu. Ko wa ya ci, 2,600 za ta dawo, a cire 1,517 da 100 na farko, ribar wajen 983 ta tabbata. Ya sayar da mafarkin 2,500 ya karɓi tsuntsu a hannu, ya kuma sake biyan la'ada a karo na biyu. Matsalar ita ce sai yana da dala dubu ɗaya da rabi a ajiye, kuma mafi yawan masu irin wannan tikiti ba su da ita.

Tikitin haɗaka, irin dogon nan da samari suke zagayawa da shi a waya, nan ne kamfani yake cin kasuwarsa. Zaɓi uku kowanne a 1.91 suna ba da 6.97, alhali farashin gaskiya na abu uku masu rabi da rabi 8 ne. La'adar ta tashi daga kashi 4.5 zuwa kusan 13. A kai zaɓi goma, ta kai wajen kashi 37. Kowane layi da ka ƙara, ka sake ba kamfani nasa kason.

Abin dariya, a jerin wasanni bakwai ɗin Toronto sun ci maki 34, Dodgers 26. Wanda ya ce Toronto sun fi buga wasa bai yi ƙarya ba, tikitin zakara dai ba ya tambayar wannan.

Hukumar MLB, mai shirya wannan gasa, tana da tsohon tabo da caca. A 1919 'yan wasan Chicago White Sox takwas aka zarga da karɓar kuɗin masu caca su faɗi World Series da gangan a hannun Cincinnati Reds, aka kore su har abada. Pete Rose, kocin Reds a lokacin, ya sha irin wannan kora a 1989. Doka ta 21 tana manne a ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya: ka yi caca a wasan da kake da hannu a ciki, ka tafi ke nan. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana jihohi halatta cacar wasanni a watan Mayun 2018, tallan kamfanonin ya cika filaye, matsalolin kuma suka dawo da sabuwar fuska. An kori Tucupita Marcano, ɗan wasan San Diego Padres, a 2024. Tafintan Ohtani, Ippei Mizuhara, ya kwashe masa kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, kotu ta ɗaure shi wata 57. Masu jifan Cleveland biyu, Luis Ortiz da Emmanuel Clase, an ajiye su gefe a watan Yulin 2025 don bincike a kan cacar jifa ɗaya-ɗaya. A ganina irin wannan caca ita ce mafi haɗari ga wasan, don mutum ɗaya zai iya jefa ƙwallo ɗaya a ƙasa da gangan ba tare da ƙungiyarsa ta rasa komai ba. Magoya bayan Toronto a lardin Ontariyo suna caca ta waya da kamfanoni masu zaman kansu bisa doka tun Afrilun 2022, na Dodgers a Kalifoniya kuwa ba su da wannan, masu zaɓe sun ƙi amincewa a Nuwamban shekarar.

Da yamma na leƙa, kamfanoni sun riga sun fito da farashin zakaran 2026, Dodgers a sama. Ƙungiyoyi 30 ne, in aka mayar da farashin kowacce zuwa kaso aka tara, irin wannan allo sau da yawa yakan haura 120 cikin ɗari, kuɗin kuma suna kulle a hannun kamfani har ƙarshen Oktoban 2026.