Daren da na kwana da GDAL

Jiya tun bayan Isha'i nake fama da kwamfuta a ɗakina a unguwar Aboabo ta Kumasi, ban runtsa ba sai kusan ƙarfe 2. Ina so in zana taswirar lungunanmu da ruwa yake ci duk damina, domin bara har tabarmar Hajiya ya tafi da ita.

Na buɗe keɓaɓɓen muhalli na yaren kwamfuta Python da venv, na ce wa pip, mai sauko da manhajojin Python, ya sa GDAL, manhajar sarrafa bayanan taswira. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ashe abin da pip ke kawowa gada ce kawai tsakanin Python da GDAL, ainihin GDAL da C++ aka rubuta shi, dole ya riga ya zauna a Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata. Na sa libgdal-dev, wato kunshin ainihin GDAL ɗin, na duba lambarsa da gdal-config, sannan na nemi gadar mai lamba iri ɗaya da shi, don in sun saɓa ba sa jituwa. NumPy ma, manhajar lissafi ta Python, sai ya riga gadar shiga, in ba haka ba hoton tauraron ɗan Adam ba zai karantu ba.

Da Kumasi ta fito a kan UTM 30N, wato ma'aunin taswira na yankinmu, na ga rafinmu da gadarsa, wallahi sai da na yi hamdala. Gobe insha Allah zan nuna wa matasan Zango.