Abin da duba gidaje ya koya mini game da wutar daji a tsaunukan Kalifoniya

Duk wanda ya kalli hotunan garin Paradise na jihar Kalifoniya bayan gobarar watan Nuwamba na 2018 zai lura da wani abu mai ɗaure kai: gidaje sun zama toka layi bayan layi, amma bishiyoyi da dama da ke tsakaninsu suna nan tsaye, wasu ma da ɗanyen ganye a kansu. Mutum 85 ne suka rasu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Da waɗannan hotuna malaminmu ya buɗe mana darasin wuta lokacin da nake karatun kula da gandun daji a Amurka, kuma tambayar da ya jefa mana ita ce, in da wutar ta bi ta kan itatuwa ne ta cinye garin, me ya hana ta cin itatuwan?

Amsar tana cikin tartsatsi. Idan daji ya kama a ranar da busasshiyar iska ke kaɗowa da ƙarfi daga kan duwatsu, iskar tana kwasar ɓawon itace da guntayen rassa masu ci da wuta ta watsa su gaba, wani lokaci fiye da kilomita guda, tun kafin harshen wutar ya iso. Garwashin yana zuba a kan gari, mafi yawansa ya mutu a inda ya faɗi, kaɗan daga ciki kuma ya dace da wani lungu mai busassun ganye ya zauna yana ci a hankali. Jack Cohen, wani mai bincike na hukumar gandun daji ta Amurka, ya shafe shekaru yana bin gidajen da suka ƙone da waɗanda suka tsira, kuma a gwajin da aka yi a arewacin Kanada a ƙarshen shekarun 1990 an kafa bangayen katako a nisa daban-daban daga kurmin da aka cinna wa wuta da gangan. Wutar ta haye har ƙwanƙolin itatuwa, amma bangon da ke nisan mita 20 da na mita 30 ba su kama ba, domin irin wannan wuta, duk girmanta, ba ta daɗewa a wuri ɗaya har ta gasa katako ya kama daga nesa. Daga nan aka fahimci cewa makomar gida tana hannun gidan kansa da ɗan filin da ke zagaye da shi.

Na ƙara gane wannan sosai ne da aka haɗa ni da masu duba gidaje a wani ƙaramin gari da ke gangaren tsaunukan Sierra Nevada, inda kusan kowane gida ke zaune a ƙarƙashin dogayen bishiyoyin fayin masu ganye siriri kamar allura. Matar da nake bi, wadda ta daɗe a aikin, ba ta fara duba gida daga dajin da ke bayansa. Tsani take fara nema. Ta hau ta zura hannu cikin indararon rufi, ta ɗebo busassun ganye cike da tafi ta nuna wa mai gida, ba tare da ta ce uffan ba. Sai ta sauko ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin dandamalin katako da ake zama a kai shan iska, inda galibi ake samun kwalaye da tsofaffin kujeru da ganyen da iska ta tura shekara da shekaru. Tana duba tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, da itacen jin ɗumi da aka jera jikin bango don kada a sha wahalar ɗauko shi cikin sanyi, da shingen katako da aka haɗa da jikin gida, wanda idan ya kama daga can ƙarshe zai jawo wutar har gindin taga. Daga ƙarshe ta tsaya a kan kafofin shan iska na ƙarƙashin rufi, domin ta nan garwashi ke shiga silin ya ci gida daga ciki, kuma maganinsu ragar ƙarfe ce mai ƙananan idanu, kimanin milimita 3. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: duk inda iska ke tara ganye a gida, nan za ta tara garwashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda gardama take tashi. Masu gida da yawa sun shirya jin an ce su sare manyan bishiyoyi, har sukan tare mu da fushi tun daga bakin hanya, alhali babbar bishiya da aka sassabe rassanta na ƙasa, aka kuma raba ta da 'yan'uwanta, ba kasafai take zama matsala ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne ɗan shuken ado da ke ƙarƙashin tagar falo, da ɓawon itace da aka shimfiɗa a gindinsa don riƙe danshi. Dokar jihar ta daɗe tana wajabta share fili ƙafa 100 kewaye da gida, wato kimanin mita 30, kuma a 2020 majalisa ta ƙara doka kan ƙafa 5 na farko, inda ake so kada a bar komai mai kamawa, a zuba tsakuwa ko a yi daɓen siminti. A ganina waɗannan ƙafa 5 sun fi sauran 95 muhimmanci, kuma su ne suka fi wuyar karɓa, saboda nan ne mutum ya zuba ƙaunarsa ga gidan. Manomin da ke share kewayen rumbunsa tas kafin iskar hunturu ta taso ba ya buƙatar a yi masa wannan bayani, amma shi ba furanni ya shuka a gindin rumbun ba.

Yadda aka gina gidan ma yana da nasa tasiri. Tun 2008 Kalifoniya ta tsaurara ƙa'idar gini a yankunan da ke fuskantar wutar daji: rufin da ba ya kamawa, bango mai jure zafi, gilashin taga mai ƙarfi. Da 'yan jarida suka bi gidajen da gobarar 2018 ta ratsa, sun samu kusan rabin waɗanda aka gina bayan sabuwar ƙa'idar sun tsira, a tsofaffin kuwa ba a kai ɗaya cikin biyar ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Sai dai masu binciken da suka koma kan alƙaluman daga baya sun nuna cewa kusancin gida da wani ginin da ya ƙone yana cikin abubuwan da suka fi nuna ko zai tsira. Gida ba ya ci ya wuce cikin minti guda kamar kurmi. Yana iya shafe sa'a yana ci, yana gasa bangon maƙwabci, yana watsa garwashi manya-manya. Saboda haka mutum zai iya kashe kuɗinsa ya gyara komai, rumfar ajiyar maƙwabcinsa da ke jingine da shinge ta ja masa asara. Wannan ne ya sa garuruwa da yawa suka shiga shirin Firewise, inda unguwa ke tsayar da ranar aikin gayya, a yi hayar injin niƙa rassa, a bi gida-gida da manjagara. Na ga unguwannin da abin ya kankama, na kuma ga inda gida ɗaya da mai shi ke zaune a birni, ba ya zuwa sai hutu, ya lalata ƙoƙarin layi guda.

Dajin kansa ba haka yake ba a da. Kafin zuwan Turawa wuta mai sauƙi tana ratsa ƙasan waɗannan itatuwa a kai a kai, wata daga tsawa, wata kuma 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilun Karuk da Yurok a arewacin jihar, ke cinnawa da saninsu. Bayan babbar gobarar 1910 a jihohin Idaho da Montana hukuma ta ɗauki kowace wuta a matsayin abokiyar gaba, har a 1935 aka kafa ƙa'idar a kashe duk wutar da aka gani kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Sakamakon haka ƙirare da ƙananan itatuwa da wuta kan cinye a da suka yi ta taruwa. Yanzu ana komawa ƙuna da gangan a lokacin da ƙasa ke da danshi, ko da yake mazauna gari suna ƙorafin hayaƙi, kuma ranakun da yanayi ke yarda a yi hakan ba su da yawa.

Akwai abin da 'yan kwana-kwana ke faɗa wa mutane a tarurrukan unguwa wanda ba ya yi wa kowa daɗin ji. Idan gidaje ɗari suna fuskantar wuta lokaci guda, motocin da ke akwai ba za su isa ba, dole su zaɓi inda za su tsaya, kuma suna zaɓen gidan da aka share, mai lamba a bayyane a bakin titi, mai hanyar da mota za ta shiga ta juya ta fito. Gidan da ke saman gangare yana buƙatar ƙarin shara ta ɓangaren ƙasa, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa. Duk wannan shiri kuwa an yi shi ne don gidan ya iya tsayawa shi kaɗai bayan mai shi ya tafi, ba don a zauna a tare wuta da tiyon ban ruwa ba. A Paradise hanyoyin fita kaɗan ne, suka cushe da motoci, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu tsofaffi ne, da yawansu a cikin gidajensu. Shi ya sa a garin da na yi aiki kwamitin unguwa yake riƙe da jerin dattawan da ba sa iya hawa tsani ko tuƙa mota, an kuma rubuta a gaban kowane suna wanda zai share masa indararo kafin rani ya tsananta, da wanda zai ɗauke shi ranar da aka ce a fita.