Cinikin Kawhi Leonard da littafin da na buɗe a ɗakin labarai

Ranar Laraba 18 ga Yulin 2018 ina bakin aiki a gidan rediyon da nake gabatar da shirin wasanni labarin ya shigo. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, da ke gasar NBA ta Amurka, ta miƙa wa San Antonio Spurs DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da damar zaɓen sabon ɗan wasa guda, ita kuma ta karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Kwana uku ke nan da gama gasar cin kofin duniya a Rasha, hankalin kowa na kan ƙwallon ƙafa. Amma a shirinmu ba ma tsallake abin da ya shafi Toronto, domin shugaban ƙungiyar na lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. A Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya girma, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando, masu sauraronmu kuwa ɗan gida suke ɗaukar sa.

Ko rabin sa'a ban yi ba na gama rubuta sharhina, kuma da zafi na rubuta shi. Na ce cinikin biri a sama ne. Kawhi wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwon cinya, shekara ɗaya ta rage masa ya sami damar fita daga kwantiraginsa, kuma kowa ya ji cewa Los Angeles yake so ya koma. DeRozan kuwa kaka tara ya yi a Toronto, babu wanda ya kai shi zura wa ƙungiyar maki a tarihinta, kuma a 2016 da kwantiraginsa ya ƙare ko zama bai yi da wata ƙungiya ba ya sake sa hannu na shekara biyar a kan dala miliyan 139. Na haɗa da korar koci Dwane Casey da aka yi a watan Mayu, bayan ƙungiyar ta ci wasa 59, abin da ba ta taɓa yi ba. Na rufe da cewa an ci amana.

Dattijon da ke duba mana rubutu kafin a shiga ɗakin watsa shiri ya karɓi takardar, ya sauko da tabarau zuwa kan hanci, jan biro a hannu. Ya karanta har ƙarshe bai soke ko kalma ɗaya ba. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, na ji abin da Ujiri ya bayar, na ji abin da ya karɓa. To da ya naɗe hannu bai yi komai ba fa, ina ƙungiyar za ta kai baɗi?"

Na ce, "Malam, ai LeBron James, wanda ke tare musu hanya, ya bar yankinsu na gabas, ya koma Lakers."

Ya ce, "Wannan hujja ce, sa ta. Amma je ka nemo mini sauran."

Na koma kan tebur na fara tono, a nan na ga yawan abin da na tsallake. Shekara uku a jere Cleveland ta LeBron James ce ke fitar da Toronto daga wasannin neman kofi, inda wadda ta fara cin wasa huɗu ke wucewa: 4 da 2 a 2016, sai 4 da nema a 2017, sai kuma 4 da nema a 2018, a shekarar da Toronto ce ta ɗaya a yankin gabas. A wasa na uku na karon 2018 a benci DeRozan ya ƙarasa wasan, koci ya ga gara a yi ba tare da shi ba. Tafiyar LeBron ta buɗe hanya, gaskiya ne, amma Boston da Philadelphia da Milwaukee duk suna tasowa da matasa. Ƙungiyar ta kai iya inda ƙarfinta zai kai ta, ga kuma albashi mai nauyi da ya ɗaure mata hannu na wasu shekaru. Sai na lura da wani abu da ya juya mini lissafin gaba ɗaya. Ko da Kawhi ya yi shekara ɗaya ya tafi, Toronto ta rabu da babban kwantiragi, ta sami filin sake gini. Wato mafi munin abin da zai iya faruwa bai kai munin da na zana ba.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne waɗanda ba a bayar ba. Pascal Siakam, ɗan Kamaru da aka ɗauka na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, yana nan. OG Anunoby, na 23 a 2017, yana nan. Fred VanVleet, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016 sai Toronto ta ɗauko shi daga baya, shi ma yana nan. Damar zaɓen da aka ba Spurs kuma an gindaya mata sharaɗi cewa idan ta faɗo cikin ashirin na farko ba za a miƙa ta ba. Ni ina ta ƙirga abin da ya fita daga gida, ban leƙa ɗaki na ga abin da mai gida ya ƙi sakewa ba. Duk wanda ya taɓa rakiyar wani kasuwar dabbobi ya san cewa gwanin ciniki a nan ake gane shi. Na sake rubutun, na bar zafin da nake ji game da DeRozan, amma na janye maganar biri a sama.

Bayan wata goma na sake faɗawa irin ramin, ta ɗaya gefen. Daren 12 ga Mayun 2019, cikin azumi, ina zaune a tabarma da waya jingine da filas ɗin shayi, ina kallon wasa na bakwai tsakanin Toronto da Philadelphia. An yi kunnen doki 90 da 90, saura 'yan daƙiƙoƙi. Kawhi ya ja ƙwallo zuwa kusurwar dama ya cilla, ya tsuguna yana kallo. Ƙwallon ta daki ƙarfen kwando sau huɗu kafin ta faɗa ciki. Ihun da na yi ya tada mutanen gida tun lokacin sahur bai yi ba. Daga nan suka doke Milwaukee bayan sun sha kashi a wasa biyu na farko, suka ɗauki kofi ranar 13 ga Yuni a hannun Golden State, 4 da 2, karo na farko a tarihin ƙungiyar. Na rubuta yabo shafi biyu, na ce tun farko Ujiri ya hango duk wannan.

Malam ya karanta, ya ce, "Da ƙwallon nan ta faɗo waje, aka yi ƙarin lokaci aka cinye su, da me za ka kawo mini yau?"

Na yi shiru, domin na san amsar: da na koma kan takardata ta farko. Ya tuna mini cewa a ɓangaren Golden State, Kevin Durant ya tsinke jijiyar agara a wasa na biyar na ƙarshen gasar, Klay Thompson ya ji ciwo a gwiwa a na shida. Ba rage darajar kofin yake yi ba, domin Toronto ma ta buga duk wasannin babu Anunoby, kuma akwai aikin hankali a ciki: an hutar da Kawhi ya buga wasa 60 kawai cikin 82, an kawo Marc Gasol a watan Fabrairu, an amince wa sabon koci Nick Nurse. Abin da yake so in gani shi ne shawarar Yulin 2018 ta riga ta zama mai kyau ko maras kyau a ranar da aka yanke ta, gwargwadon abin da mutumin ya sani da zaɓin da ke gabansa. Karkatar ƙwallo a bakin ƙarfe ba ta ƙara mata komai ba. Ko wata guda ba a yi ba Kawhi ya tattara ya koma Clippers ta Los Angeles, kamar yadda aka yi ta faɗa tun farko.

Tun daga lokacin na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk cinikin da zan yi sharhi a kai, nakan rubuta kwanan wata, da abin da aka sani a ranar, da hukuncina, in rufe. Idan kaka ta ƙare in buɗe in karanta wa masu sauraro abin da na faɗa, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba.

Littafin nan ne ya tilasta mini faɗin abin da bakina ya yi nauyin faɗa a 2023. A watan Fabrairu, ƙungiyar tana tangal-tangal, Ujiri ya ba da damar zaɓe ta zagayen farko ya dawo da Poeltl, maimakon ya sayar da waɗanda kwantiraginsu ke dab da ƙarewa. Suka gama da nasara 41 da faɗuwa 41, Chicago ta fitar da su a wasan neman gurbi, kuma DeRozan, da ya riga ya koma Chicago, yana cikin waɗanda suka yi musu wannan aika-aikar. Da bazara VanVleet ya tafi Houston a kan kusan dala miliyan 130, Toronto ba ta sami ko sisi a madadinsa ba. Anunoby da Siakam sai da suka shiga shekarar ƙarshe ta kwantiragi aka sayar da su, lokacin da mai saye ya san mai kaya a matse yake. Mutumin da ya iya rabuwa da DeRozan a 2018 ya kasa rabuwa da yaran da ya raina da hannunsa. Na fahimci dalilin, har ma na tausaya, amma na faɗa a iska cewa kuskure ne. Wayoyi suka yi ta shigowa, ana ce mini ai namu ne, bai kamata ba.

Maganar DeRozan kuwa har yau ba ta bar ni ba. Ranar cinikin ya rubuta a Instagram cewa an faɗa masa abu ɗaya an aikata wani, kuma babu amana a wannan harka. Bayan kwana biyu Ujiri ya fito gaban 'yan jarida ya nemi afuwa a kan rashin fahimtar da aka samu tsakaninsu. Ina ganin cinikin daidai ne, ina kuma ganin mutumin da ya ba gari shekara tara ya cancanci a gaya masa gaskiya tun da wuri. A littafina shafin 2018, wanda na cike daga baya, layi biyu ne, kuma kofin bai sa na goge na biyun ba.

Da Toronto ta raba gari da Ujiri a ƙarshen Yunin 2025, wani dattijo ya bugo daga Zariya ya ce in faɗa masa a taƙaice, ɗansu ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Na roƙe shi ya ba ni minti goma, na jawo littafin na fara karanto masa daga shafin farko.